Seventeen: Mujallar da ta fara leƙa aljihun 'yan mata

Assalamu alaikum, masu kallo.

Idan Sallah ta matso, ku leƙa shagon tela a Tudun Wada ko Unguwar Rimi. Budurwa za ta shigo da atamfarta a leda, ta zaro waya, ta ce, "Malam, irin wannan nake so." A da, tela ne ke jawo mata mujalla wadda ta sha hannu har bangonta ya yage, ta yi ta buɗawa sai ta ga ɗinkin da ya kwanta mata a rai. Yau za mu bi sawun wannan sana'a ta nuna wa 'yan mata kwalliya a takarda, har zuwa Amurka, shekarar 1944.

Ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, takarda ta yi wuya, gwamnati ce ke yanka wa kowane kamfani rabonsa. Walter Annenberg, mai kamfanin Triangle, yana da mujallar 'yan fim mai suna Stardom, amma kasuwarta ta yi sanyi. Ga takarda a hannu, ba ciniki. Sai aka haɗa shi da Helen Valentine, mace mai shekara 51, wadda ta yi aiki a mujallun mata na Vogue da Mademoiselle. Shawararta ita ce a yi wa 'yan matan sakandare mujalla tasu ta kansu. Kafin nan, yarinya ko dai ta karanta abin yara, ko ta ɗauki ta mahaifiyarta.

A watan Satumba 1944 Seventeen ta fito. An buga kwafi 400,000, cikin 'yan kwanaki suka ƙare ƙaf. Ba a cika shekara biyu ba ta haura miliyan ɗaya.

To, a nan ne labarin ya yi daɗi. Kuɗin da mai karatu ke biya ba ya riƙe mujalla, talla ce ke riƙe ta. Su kuwa 'yan kasuwar wancan zamani gani suke yi yarinya 'yar shekara 16 ba ta da ko sisi, me za a tallata mata? Sai Estelle Ellis, mai kula da jawo masu talla, ta ƙirƙiro wata budurwa wadda babu ita a duniya, ta sa mata suna Teena. Aka bi 'yan mata da iyayensu mata da tambayoyi: me suke saye, nawa suke kashewa, wa suke jin maganarsa. Daga amsoshin aka gina Teena, aka riƙa aika wa kamfanoni labarinta. Teena tana da 'yan kuɗinta. Abin da ta sa, ƙawayenta za su sa. Kuma idan ta nace a gida, sai Baba ya saya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda anko ɗaya ke karaɗe gidan biki, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kamfanonin sutura da na kayan shafa suka yi layi.

A gaskiya ita Valentine burinta ya wuce jan baki. Tana so 'yan mata su san siyasa, su karanta littattafai, su yi tunanin sana'a. Ba su daɗe suna shan inuwa ɗaya da Annenberg ba, a 1950 ta koma mujallar Charm ta mata ma'aikata. A shekarar ce kuma Seventeen ta buga gajeren labarin wata ɗaliba, Sylvia Plath, wadda daga baya ta zama shahararriyar marubuciya, bayan an mayar mata da rubutunta fiye da sau 40.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: shekara da shekaru, farar fata ce kawai a bangon. Shi ya sa har yau ake tuna fitowar Whitney Houston, baƙar fata, a bangon a 1981, tun ba ta zama mawaƙiya ba.

Mujallar ta sauya iyayen gida. Attajirin jaridu Rupert Murdoch ya saye Triangle a 1988, kamfanin Hearst kuma ya karɓi Seventeen a 2003 kan kusan dala miliyan 182. Kishiyoyi sun zo sun tafi: YM ta rufe a 2004, CosmoGirl a 2008, Teen Vogue ta daina buga takarda a 2017.

Amma wadda ta fi burge ni 'yar shekara 14 ce daga jihar Maine. A 2012 ta buɗe takardar koke a intanet, cewa Seventeen ta riƙa buga wasu hotunan 'yan mata duk wata ba tare da an gyara su da kwamfuta ba, ba rage ƙugu ba goge ƙuraje. Mutum sama da 80,000 suka sa hannu. Edita Ann Shoket ta fito ta yi alkawarin ba za a sake canza siffar jiki ko fuskar kowa ba. Wato jikar Teena ce ta juyo ta kama mai shago da ciniki.

A ƙarshen 2018 Hearst ya sanar cewa Seventeen ta koma intanet, takarda sai dai fitowa ta musamman jefi-jefi. Telanmu na Tudun Wada ma yanzu ba ya ajiye mujalla. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Hajiya, turo mini ta WhatsApp, amma fa wannan ɗinkin yadi shida ba zai isa ba."