Sharhi: Abin da ke hana iyaye mayar da yara masu otizim filin wasa

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau kan yara ne masu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, da abin da iyayensu ke faɗi idan aka zo maganar wasanni da motsa jiki.

A filin da yara ke buga ƙwallo, yawancin iyayen da ke gefe idonsu na kan ƙwallon. Amma akan samu wata uwa wadda idonta ke kan ƙofar fita, jaka a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba. Alƙalin wasa ya busa usur, yara suka ruga a guje, nata ɗan ya tsaya cak, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, jikinsa na rawa. Kafin kowa ya ankara ta riga ta isa wurinsa. Mako mai zuwa ba a gan su ba, sai a ce ai ita ce ta cika shagwaɓa shi.

Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba. Wanda ya zauna da irin waɗannan iyaye ya san ba su da bukatar a yi musu wa'azi kan amfanin motsa jiki. Su ne za su gaya maka cewa ranar da yaron ya yi gudu ya gaji, ranar gidan ke samun barci, domin rashin barci na cikin abin da ya fi addabar yara masu otizim. Su ne kuma ke ganin jikinsa na ƙara nauyi, musamman idan likita ya ɗora shi kan magani irin risperidone, wanda ke buɗe ciki ya sa ƙiba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim. A ƙa'idojin da ta fitar a 2020 ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, kuma ta sa yara masu nakasa cikin lissafin. Iyaye sun yarda da wannan. Tambayarsu ita ce: a ina, kuma a hannun wa?

Gaskiya ne akwai wahalar da ke jikin yaron kansa. Da yawansu na fama da daidaita gaɓoɓi: cafe ƙwallo, tsalle da ƙafa ɗaya, zama daram a kan keke. Wasan ƙungiya kuma cike yake da dokokin da ba a rubuta ba. Dole ka karanta fuskar abokin wasanka, ka gane harara ko ɗaga gira na nufin miƙo ƙwallo, ka jure ture-ture da ihu. Ga yaron da ƙarar usur ke soke masa kunne kamar allura, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

To amma ku saurari iyaye da kyau, za ku ji ba nan kukansu ya fi yawa ba. Kukansu mutane ne. Mai horarwar da ke daka tsawa saboda yaro bai kalle shi cikin ido ba, alhali yaron na jin sa sarai. Yaran da kullum shi suke bari a ƙarshe wajen raba ƙungiya. Kallon da sauran iyaye ke yi idan ya faɗi ƙasa yana kuka, kallon nan da ke cewa ba a ba shi tarbiyya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ta sha wannan sau uku, ta huɗu za ta ce gara ya zauna a gida.

Akwai kuma tsoron da ya fi duka nauyi. Wasu yaran kan sulale su bar wuri ba tare da kowa ya gani ba, kuma ruwa na jan hankalin da yawansu. Nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe yara masu otizim da suka ɓace haka. Shi ya sa za ka ji uba na cewa shi ba kofi yake nema ba, a koya wa ɗansa iyo kawai. Iyo, gudu, hawan keke, wasannin kare kai irin su karate da ake maimaita motsi iri ɗaya cikin tsari, su ne iyaye suka fi komawa gare su, kuma dalilin a fili yake.

Inda zan ɗan ja da wasu iyaye wuri ɗaya ne. Motsa jiki ba ya warkar da otizim, duk wanda ya karɓi kuɗinku da wannan alkawari yaudarar ku ya yi. Idan aka mai da kowane wasa magani, ana auna yaro a kullum ko ya ƙara magana, daɗin wasan ya tafi, shi kuwa yaro saboda daɗin yake dawowa. Ko wanda ba ya magana yana nuna abin da yake so. Ku duba wane takalmi yake ɗaukowa da kansa.

Wasa kuma haƙƙin yaran nan ne, ba alfarma ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, a sashe na 30, ta ce a ba yaran nan dama daidai da sauran yara wajen wasa da nishaɗi, har a cikin makaranta. Tun 1968 Eunice Kennedy Shriver ta fara gasar Special Olympics a birnin Shikago na Amurka domin masu raunin fahimta, kuma masu otizim da dama na shiga. Sai dai ba kowane mai otizim ne ke da raunin fahimta ba, kuma yawancin iyaye filin makarantar ɗansu suke magana a kai, ba babbar gasa ba.

Saboda haka maganata ga malaman wasanni ce. Kafin ranar farko, a kira uwar ko uban a tambaye su: me ke firgita shi, me ke kwantar masa da hankali? A bar shi ya zo ya zagaya filin lokacin da babu kowa. A nuna masa da hoto abin da za a fara da abin da zai biyo baya, umarni ya zama gajere, ɗaya bayan ɗaya. A ware masa wata kusurwa mai shiru da zai koma idan hayaniya ta yi masa yawa, a sa babba ɗaya ya tsare ƙofa. Usur ɗin kuwa, a rukuninsa a ɗaga tuta maimakonsa.