Kafin katafila ta shiga filin makaranta

Binta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Tudun Wadar Zariya muke magana, in kun ji ƙarar janareto ku yi haƙuri na maƙwabta ne. Ga Danladi nan kamar kullum, ga kuma Malam Tanko masanin tonon kayan tarihi, da ƙyar muka ɓamɓaro shi daga Samaru.

Danladi: Ni fa yau da ƙorafi na zo. Firamaren da na yi a cikin birni za a rushe tsofaffin ajujuwan a yi bene, kowa na murna, sai Malam ya ce wai a dakata a tona ƙasa a duba tukuna. Haba Malam, yara na zaune a ƙasa, damina ta zo rufi na yoyo, me za a tono? Guntun alli ko tsohon silifas?

Malam Tanko: Silifas ɗin ma za a samu ai, shi ne a sama. Ƙasa hawa-hawa take kamar an jera tabarmi, ta jiya a sama, ta kakanni a ƙasa. Kai ka duba cikin ganuwa yanzu, ina ne ba a haƙa fandisho ko shadda ko rijiya ba? Gida ɗaya an raba shi gida biyar. Filin ƙwallon makaranta kuwa tun da aka kewaye shi ba abin da ya taɓa shi sai ƙafafun yara, to duk abin da ke ƙarƙashinsa yana nan kwance yadda masu shi suka bar shi. Ka ɗauki makarantar Alhudahuda, tun 1910 ake karatu a cikinta.

Binta: Toh amma Malam me ake sa ran samu takamaimai? Don ni da an ce tono sai in tuna tukunyar zinare.

Malam Tanko: Wannan tunanin ne ya kashe mu wallahi. Lebura ya ga tukunya a rami, ko ya fasa ta yana neman dukiya, ko ya gudu ya ce asiri aka binne. Mu kuwa tsingaro muke nema, da gawayi, da toka, da ƙashin dabbar da aka ci, dutsen niƙa, kuɗin wuri, ramin marina, gindin katangar tubali, kashin maƙera. A can Samaru an tono wuraren narka tama a shekarun 1970, wani Bature John Sutton da ke jami'ar Ahmadu Bello ya yi aikin, aka gane mutanen wurin suna fitar da ƙarfe daga dutse fiye da shekara 1,000 da suka wuce, tun ba a san za a yi Sarauniya Amina ba.

Danladi: Yo wa ya faɗa muku shekarun? Gawayin magana yake?

Malam Tanko: Kusan haka ne. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari, kabon 14, ran da itace ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na tafiya cikin shekara 5,730, to sai a auna abin da ya saura a lissafa. Amma fa sai in an san daga wane hawa aka ɗauko gawayin da abin da ke kusa da shi. Wani lokacin ma ba sai an je ɗakin gwaji ba, in ka samu lofe a hawa ka san bayan zuwan taba ne, taba kuwa daga Amurka ta fito, ba ta iso mana ba sai wajen 1600. Katafila in ta zo ta kwashe ta juye a tifa, lofen da gawayin da silifas ɗin Danladi duk sun cakuɗe, ko ka tsince su a bola ba su da sauran labari.

Binta: Allah Sarki. Na tuna kwalekwalen Dufuna a Yobe, makiyayi ne fa yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da shi, aka auna ya kai wajen shekara 8,000.

Malam Tanko: Yawwa, kuma ya kai rahoto, da ya faskara shi ya yi girki shi ke nan. Mutum-mutumin yumɓu na Nok da ke kudancin Kaduna ma a ramin kuza aka fara ganinsu a 1928. Mu kullum sai dai tsautsayi ya nuna mana.

Danladi: Duk na ji. Wa zai biya? Ɗan kwangila kwanaki aka ƙidaya masa, siminti kullum tashi yake.

Malam Tanko: Ba fa duk filin ake yayewa ba ƙanena. A duba tsofaffin taswira, a zauna da dattawan unguwa su faɗi me ke wurin da, sannan a yanka ramukan gwaji 'yan kaɗan daidai inda fandisho zai bi, a kankare da cokalin magini, a tankaɗe ƙasar da rariya, a ɗau hoto a zana. In ba komai a rufe a ba magina wuri. A Ingila tun 1990 tsarin shi ne mai gini shi ke biya kafin ya aza tubali. Mu nan dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ce sai da izininta ake tono, kuma wanda ya tsinci kayan tarihi ya sanar. Sashen koyar da wannan aikin na nan a jami'a a Samaru, ɗalibai na neman wurin gwada hannu, a yi shi lokacin dogon hutu mana.

Binta: In kuma aka tarar da kabari fa? Nan ne unguwa za ta ɗauki zafi.

Malam Tanko: A tsaya cak, a rufe, a kira mai unguwa da liman, su za su ce ga yadda za a yi. Gara cokali ya gano shi da bakin katafila.

Danladi: Shi ke nan, ran Asabar akwai taron tsofaffin ɗalibai zan faɗa, amma Malam kai za ka bi ni ka yi bayani don ni in na ce tsingaro dariya za su yi min. Kuma in an tono bayan ajin 'yan aji huɗu aka ga wata bulalar dorina, ni na binne ta, kar a kai ta gidan tarihi.

Binta: Ashe kai ne! Malam a rubuta wannan a rahoto.