Ranar al'adu a lakwal ɗin 'yata a Samaru

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da safiya. Ƙarfe bakwai saura kwata, ga hazo kuna gani, sanyin Zariya ba wasa. Wannan kular da ke kan cinyata dambun zogale ne, tun kafin asuba nake kansa. Malam mai keke, don Allah a hankali, in ka sake faɗawa rami irin na ɗazu dambun nan ya zama rabon kaji.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni 'yar Damagaram ce, a Birni aka haife ni. Shekararmu ta uku ke nan a Samaru, maigida yana digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello. Yau ranar al'adu ce a lakwal ɗin 'yata, makarantar firamare in ji mutanen nan, tana aji uku.

Bari in ba ku labari kafin mu isa. Satin da ya wuce aka raba yara rukuni-rukuni, yarinyata ta nufi layin Hausawa abinta, sai antinsu ta ce a'a, ke ce Nijar. Ta dawo gida ido ja wur: “Mama, wai ni ba Bahaushiya ba ce?” Gaskiya raina ya sosu. Daurar da ake cewa nan ne tushen Hausa, ta fi kusa da ƙofar gidanmu fiye da yadda take da Zariya. Ka bi ta Matamaye ka tsallaka Kwangwalam, ka iso. Har na ɗauki mayafi zan je in yi magana, maigida ya ce ki bari, tebur guda za a ba ku ku kaɗai, wa ya fi ku? Na zauna.

To ga mu. Ku dubi bakin ƙofa. Waccan mai ɗaurin gele kamar zai tashi sama maƙwabciyata ce, Bayarabiya, amma kakanta a Sabon Gari ya yi aikin jirgin ƙasa, can aka haifi babanta, can aka haife ta. Hausarta ta fi tawa karin magana. Ranar da muka tare ita ta fara aiko mana da ruwa, kuma duk ranar da na makara ita ke haɗo mini yarinya da nata 'yan biyun.

“Maman 'yan biyu, ina kwana? Kai, yau ba a magana!”

Tana cewa in bar surutu in zo in kama mata tukunyar amala.

An fara da taken ƙasa. Abin dariya, iyaye matasa sai motsa baki suke, wani dattijo mai sanda a gefena kuwa yana rerawa tsaf. Shi ne tsohon taken da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, aka dawo da shi a 2024, don haka kakanni da jikoki ne suka iya, na tsakiya an bar su a baya. Mu ma a Nijar an sauya namu a 2023, har yau ban gama haddacewa ba, kada ku faɗa wa kowa.

Yaran Tibi sun fito da zanensu mai ratsin fari da baƙi, suna lanƙwasa kamar ba ƙashi a jikinsu. Na Ibo da jar hula da riga mai kan zaki. Bajju da Atyap sun haɗa rukuni ɗaya, 'yan matan Fulani da ƙwarya a ka. Rukunin Hausawa kuwa sun yi Sarauniya Amina, wata 'yar ficiciya da takobin kwali, dogarai biyu a bayanta, ɗaya rawaninsa ya warware yana tafe yana takawa. Daga nan janareta ya ɗauke, lasifika ta yi shiru, mai kalangu ya ci gaba abinsa, kuma wallahi ya fi daɗi haka.

Ga teburinmu. Tuta mai lemo da fari da kore, dambu, kilishi, da cukun da innata ta aiko mini. Yanzu aka kira 'yata ta faɗi abin da ta kawo daga ƙasarsu. Ku saurara. Ta ce mu alƙalami bik muke ce masa, littafin rubutu kaye, malamin makaranta kuwa mushe.

Kun ji filin ya ɗauka? Hedimasta har da riƙe ciki. A nan mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce kawai, mu kuwa daga Faransanci muka aro, girmamawa ce. Makonta na farko a makarantar nan haka ta gaida wani malami, “Ina kwana, mushe,” sai da na je da kaina na yi bayani. Ga shi can yana ɗaga mata hannu, yanzu yaran ajin kaf da sunan suke tsokanarsa.

Af, ina yarinyar ta shiga? Ga ta can cikin 'yan Tibi, da lallenta da komai, tana kwaikwayon rawarsu. Dama kullum in an tashi tara tare suke cin awara a gindin darbejiyar can.

Kula ta kusa ƙarewa. Antin da ta fitar da ita daga layin Hausawa ce wannan, zuwanta na biyu ke nan da faranti.

“Anti, a ƙara miki yaji?”

Bari in ajiye wayar nan in zuba mata, hannu ɗaya ba ya yi.