Me ya sa yaro yake ganin 1/8 ya fi 1/4?

Assalamu alaikum. Malamai, abubuwa uku zan taɓa, in makirufon nan ya yarda.

Na farko. Ku rubuta wa 'yan aji huɗu 1/4 da 1/8 a allo, ku ce wanne ya fi girma. Da yawa za su nuna 1/8. Kada ku ce musu daƙiƙai! Shekara nawa muka yi muna cusa musu cewa 8 ta fi 4? Abin da muka shuka ne ya tsiro. Ko a Amurka, a wata jarrabawar ƙasa ta ƙarshen shekarun 1970, an ce 'yan shekara 13 su kintaci jimillar 12/13 da 7/8. Amsar kusan 2 ce, amma fiye da rabinsu 19 ko 21 suka zaɓa.

To, yaron nan dai, ku ba shi sandar rake ɗaya, ku ce su huɗu za su raba. Sai ga wasu huɗu sun yi sallama. Ku dubi fuskarsa! (dariya) Ya san rabonsa ya ragu. Ya sani, ya sani sarai. Alli ne ya rikita shi. Ni rake nake so, ba don zaƙinsa ba, Malam, na ga kana murmushi. Dogo ne, miƙaƙƙe, yana da farko da ƙarshe. Ka yanka, ka jera, ido ya gani. Abin da Robert Siegler, wani masanin yadda yara ke koyon lissafi a Amurka, ya daɗe yana bincike a kai ke nan: a ja layi daga 0 zuwa 1, a ce yaro ya nuna mazaunin 3/4. Layin nan rake ne. Kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga boko ba ta san sumuni (1/8) bai kai rubu'i (1/4) ba, tunda a rabon gado matar mamaci rubu'i take samu in mamacin bai bar ɗa ko 'ya ba, sumuni in ya bari.

Na uku... au, ban yi na biyu ba? Kada ku yi gaggawar koyar da ƙa'ida, shi ke nan na biyun.

Malama a baya, bismillah.

(Tambaya: ɗalibina ya ce rabin kankana ya fi rabin lemo, na ce ya faɗi.)

Ayya, Malama, gobe ki mayar masa da makinsa. Gaskiya ya faɗa. Rabin me? Mu ne muke mantawa da faɗin wannan. Ki sayo kankana biyu masu girma ɗaya, ki sake tambayarsa. Kuɗin kuma ki nema wajen hedimasta.