Cutar siliyak: in jiki ya ƙi alkama (laccar da aka rubuto daga rikodin)

Assalamu alaikum. Iyaye mata da ke baya kuna jina? Toh madalla, mu fara.

Akwai yaron da za'a kawo maka asibiti, shekara biyu ko uku, ciki ya kumbura yayi gaba, ƙafafu sun tsotse, ɗuwawu ya saki, ga gudawa mai maiƙo da wari wadda ruwa baya wanke ta da sauƙi daga fo. Uwar zata ce maka wallahi likita yana cin abinci, shayi da burodi da safe, taliya da rana, amma kullum ƙara ramewa yake. An bashi maganin tsutsa, an bashi na taifot, wasu ma sunce haƙori ne. Ba kowane irin wannan yaron ne yake da siliyak ba, amma ana samu, kuma mu a nan ba ma cika kawo ta a rai ba, shine abinda yake damuna.

A cikin alkama akwai wani furotin da ake ce ma gulutin, shine yake sa kwaɓin fulawa yayi danƙo ya ja. Akwai shi a sha'ir ma. Mafi yawan mutane suna ci lafiya lau. Amma mai siliyak in gulutin ya isa ƙaramin hanji, sai sojojin jikinsa su ɗauke shi a abokin gaba su taso, kuma faɗan a bangon hanjin ake yinsa. Bangon nan ba sumul yake ba, yana da 'yan ƙananan tsiro miliyoyi kamar gashin sabon tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci su tura cikin jini. Faɗan nan shi yake cinye su har bangon ya koma kamar tsohon tawul da ya goge, abinci ya shiga ya wuce jiki bai samu komai ba. Daga nan ƙarancin jini da baya jin magani, ƙashi yayi rauni, yaro ya tsaya baya girma, budurwa ta makara bata fara al'ada ba. Manya kuma da yawa basa ma gudawar, gajiya ce kawai da kumburin ciki, wani ƙuraje masu azabar ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa, a shekara ana shan maganin olsa.

Abin gado ne. Akwai ƙwayoyin halitta biyu, DQ2 da DQ8, kusan duk mai cutar yana da ɗaya a ciki, amma fa wajen mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da su kuma mafi yawa har su mutu basa yin ciwon. A duniya ana ƙiyasin kamar mutum 1 cikin 100. In kuwa uwarka ko ubanka ko ɗan ɗakinku yana da ita, lissafin ya koma wajen 1 cikin 10. Masu ciwon suga irin na yara, wanda ake allurar insulin, suma ta fi kama su.

Wani likitan Landan, Samuel Gee, ya bayyana alamominta tun 1888 kuma yace maganin a abinci yake, amma bai gano wane abincin ba. Wanda ya kama alkama likitan yara ne a ƙasar Holan, Willem Dicke. Dama yana zarginta, sai yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 ta zo lokacin yaƙin duniya na biyu, burodi ya ɓace, abin mamaki yaran da ke da ciwon nan suka fara samun sauƙi ana cikin yunwa, da burodi ya dawo ciwo ya dawo. A 1950 ya rubuta bincikensa.

Kada wani yace ai ciwon Turawa ne. Ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka aka same shi, wajen yaran Sahrawi, wato mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya, binciken da ya fito a 1999 ya samu kashi 5.6 cikin 100, mutanen da fulawar agaji ta zama babban abincinsu. Likitocin Sudan suma sun daɗe suna ganinta. Mu kuma ku duba yadda cimarmu ta canza, indomi, samobita, cincin, fanke, ga namu na asali irinsu gurasa, alkubus, funkasau da alkaki, duk alkama ce.

Yanzu gwaji, don Allah ku riƙe wannan. Kar ki ji lacca ki koma gida ki yanke ma yaro alkama kafin a gwada shi. Gwajin jinin, tTG-IgA, yana neman alamar faɗan ne, in an daina cin alkama faɗan ya lafa sai sakamako ya fito lafiya alhali ciwon yana nan. In jinin ya nuna, yawanci sai a zura kyamara ta baki a ɗan tsinko bangon hanji a duba, wannan a manyan asibitoci ake yi.

In ta tabbata babu ƙwaya babu allura, barin gulutin ne har ƙarshen rayuwa, kuma hanjin yana warkewa, yara ma da sauri. A nan mun fi Turawa sa'a, gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, doya, dankali, babu gulutin ko ɗaya. Fura, tuwon dawa, ƙosai, alala, waina, duk naka ne. Matsalar a ƙananan wurare take. Injin niƙan unguwa da aka gama niƙa alkama aka zuba geronki a kai. Man da aka soya fanke sannan aka jefa ƙosai. Ɗanwake, wanda yanzu da yawa rabinsa fulawa ne. Ɗan kaɗan ɗin yana isa, shiyasa dokar ƙasa da ƙasa tace sai gulutin bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba kafin a rubuta a jikin leda cewa babu shi.

Na'am Hajiya, tambaya? Tace mijinta yana da suga ance ya dinga cin tuwon alkama, ya daina kenan? A'a Hajiya, in bashi da siliyak alkama bata ɓata masa hanji, maganar suga kuma ta yawan tuwon ce, wannan ku tattauna da likitansa. Amma in kin ga kullum yana fama da ƙarancin jini, ciki kullum a kumbure, ki ce a haɗa masa da gwajin siliyak tun yana kan cin tuwon.