Wuyan Raƙumin Dawa: Tsakanin Lamarck da Darwin

Ku dubi wannan raƙumin dawa da ke miƙa wuya yana tsinkar ganyen gawo, irin waɗanda har yanzu ake gani a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce, ta yaya wuyansa ya kai wannan tsawo?

Masanin Faransa Jean-Baptiste Lamarck ya ba da amsa a littafinsa na 1809. A ganinsa, gaɓar da dabba ke yawan amfani da ita tana ƙara ƙarfi, wadda aka bari kuma tana shanyewa, sannan 'ya'ya su gaji abin da iyaye suka samu. Wato kakannin raƙumin dawa sun yi ta miƙa wuya, kowace tsara tana ƙara ɗan tsawo. Lamarck ya cancanci girmamawa, domin ya fito fili ya ce halittu suna sauyawa a lokacin da manyan masana irin su Georges Cuvier ke musanta hakan. Sai dai hanyar da ya kawo tana da rauni. An yi ƙarnoni ana yi wa jarirai tsaga a fuska, amma ba a taɓa haifar yaro da tsagar ubansa ba.

Charles Darwin ya ɓullo ta wata hanya. Bayan tafiyarsa a jirgin ruwan Beagle daga 1831 zuwa 1836, ya karanta rubutun masanin tattalin arziki Thomas Malthus kan yawan jama'a a 1838, inda ya fahimci cewa halittu suna haihuwa fiye da abin da abinci zai iya ɗauka. Ya kuma yi kiwon tattabaru a gidansa, ya ga yadda mai kiwo ke ware wadda ta fi kyan wutsiya ko ƙirji ya haɗa ta da irinta, har bayan tsararraki a samu nau'in da bai yi kama da na asali ba. Daga nan ya ce yanayi ma yana irin wannan zaɓi ba tare da niyya ba. A cikin garke, tun daga haihuwa wasu sun ɗan fi wasu tsawon wuya. Idan fari ya zo ganyen ƙasa ya ƙare, su ne suka fi tsira, su ne kuma suka fi barin zuriya. Wannan shi ne zaɓin yanayi.

Darwin ya yi shekara ashirin yana tara hujjoji bai wallafa ba, sai ga wasiƙa a Yunin 1858 daga Alfred Russel Wallace, wanda ke tsibirin Ternate na Indonesiya ta yau, ɗauke da wannan tunanin. An karanta takardunsu tare a Landan ranar 1 ga Yulin 1858, littafin Darwin kan asalin nau'o'in halittu kuma ya fito a Nuwamban 1859.

Abin da ya gagari Darwin shi ne yadda gado ke aiki, har ma ya amince da wani ɓangare na ra'ayin Lamarck. Amsar tana cikin gwajin da Gregor Mendel ya yi da wake, wanda ya wallafa a 1866, amma masana ba su waiwaye shi ba sai a 1900, shekara 18 bayan rasuwar Darwin.