Myanmar: Me ya hura wutar rikicin mabiya Buda da Musulmi?

Ranar 20 ga Maris, 2013, gardama ta kaure a wani shagon zinare na Musulmi a garin Meiktila da ke tsakiyar Myanmar. Kafin dare an kashe wani malamin addinin Buda, aka fara cinna wa unguwannin Musulmi wuta. Cikin kwana uku an kashe mutum fiye da 40, har da ɗalibai da malaman wata makarantar Islamiyya, dubbai kuma suka rasa matsuguni.

Masu kallo, abin tambaya shi ne lokacin da hakan ta faru. Shekara biyu ke nan da sojoji suka sassauta riƙon da suka yi wa ƙasar tun 1962. Shugaba Thein Sein yana sakin fursunonin siyasa, ya ɗage takunkumin jaridu, 'yan kasuwar waje suna tururuwa. To me ya kawo zubar da jini?

Gabar tana da tushe. Wannan ƙasa ita ce Bama da kakanninmu suka je yaƙi, kuma yankin Arakan da sojojin Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa shi ne jihar Rakhine ta yau. A 1942 mabiya Buda na yankin suka karkata ga Japan, Musulmi suka bi Ingila, aka yi wa juna kisan gilla. Tun kafin nan Turawa sun buɗe ƙofa ga ma'aikata da 'yan kasuwa daga Indiya, mutanen ƙasa suka riƙa kallonsu a matsayin baƙin da suka ƙwace musu abinci. Dokar 'yan ƙasa ta 1982 ta zo ta bar Rohingya, wata al'ummar Musulmi ta Rakhine, ba su da ƙasa.

Da aka sassauta, bakin kowa ya buɗe, har da masu hura wuta. Wirathu, malamin Buda da aka ɗaure a 2003 saboda tunzura jama'a, ya fito a afuwar 2012. Shi ne ya zama fuskar tafiyar 969, masu liƙa tambari a shaguna da motocin haya suna cewa kada a sayi kaya wurin Musulmi. A nan ya kamata mu tsaya. Talaka yana ganin farashin filaye yana hawa, yana jin ana maganar arziki amma bai shigo gidansa ba. Manyan hafsoshi da 'yan korensu da suka mamaye tattalin arzikin sun fi ƙarfinsa. Mai shagon da ke kusa da shi kuwa hannu na iya kai masa. Musulmi kusan kashi 4 ne cikin 100, amma aka yi ta wa'azin cewa za su rinjayi ƙasar da aure da haihuwa.

Sai waya ta shigo. Layin da a da ake saye da ɗaruruwan daloli ya koma ƙasa da dala 2 a 2014, kuma a lokacin ga mutane da yawa Facebook shi ne intanet gaba ɗaya. A watan Yulin shekarar, zargin fyaɗe ya bazu a Mandalay, aka kashe mutum biyu, daga baya ta tabbata ƙage ne.

A ganina laifi mafi girma na masu mulki ne. A Meiktila 'yan sanda suna tsaye ana kisa. A Rakhine, bayan rikicin da aka yi tsakanin mabiya Buda da Musulmi a 2012, an killace kusan mutum 140,000 a sansanoni, yawancinsu Musulmi. Da zaɓen 2015 ya matso, majalisa ta amince da dokoki huɗu kan aure, sauya addini da haihuwa waɗanda ƙungiyar Ma Ba Tha ta malaman Buda masu tsattsauran ra'ayi ta nema, aka hana Rohingya jefa ƙuri'a, jam'iyyar Aung San Suu Kyi, jagorar 'yan adawa a lokacin, ma ba ta tsayar da Musulmi ko ɗaya ba. Shekara biyu bayan haka, sojoji suka kori Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladesh.